Jajayen Ƙyallaye a Gonar Baba Hamidu

Ɗaliban da ake turo mini koyon aiki suna yawan cewa neman ma'adini ya zama wasan yara: jirgi ya bi ta sama, kwamfuta ta shafa ja a inda arziki yake kwance, sai a kawo injin haƙa. Ba na musu da su, don ni tun ina yaro ban iya musu ba. Sai dai in ce su zauna, in ba su labarin aikina na farko a ƙasar Gwaram, zamanin da man fetur ya fara sa kowa yana kallon kowane dutse kamar akwai abin da ya ɓoye mana.

A Birnin Kudu na tashi, a gidan malamai, cikin duwatsun da muke hawa mu shanya alluna. Da na shiga jami'a na zaɓi ilimin duwatsu, mahaifina ya ce ai shi ma karatun halittar Allah ne, ya sa albarka. A shekarar da ake sakin mu koyon aiki sai aka haɗa ni da wani kamfani da ya sayi izinin wani yanki kusa da Farin Dutse. Waɗanda suka sayar masa ba su taɓa sa diga a wurin ba. Jirginsu ne ya ratsa sau ɗaya, na'urarsa ta ji alamar yuraniyom, ma'adinin da ake sarrafawa a ƙasashen waje a samu wutar lantarki. Cinikin biri a sama ke nan. Mu aka turo mu sauko da birin mu ga ko yana da nama.

Shugabanmu Malam Inuwa ne, Bazazzagi, dogo, wanda ya yi ƙuruciyarsa a filayen kuza na Jos kafin ya koma makaranta. Sai Tanko mai haƙa, mutumin Dingaya, wanda bakinsa ba ya hutawa ko da diga tana sama. Shi ya raɗa mini Malam Shiru tun ranar farko, sunan kuma ya bi ni har na yi furfura.

Ɗaukar gyare shi ne aikin da aka fara ba ni. Akwatin ƙarfe ne kamar ƙaramar rediyo, da allura a fuskarsa da madauri na ratayawa. Yuraniyom yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, fata ba ta ji. Akwatin ne kaɗai yake jinsa, sai ya riƙa ƙyas-ƙyas kamar kukan gyare, shi ya sa muka ba shi sunan. A kan yashin gona yakan yi jefi-jefi, kamar yayyafin farko a kan kwano. A kan dutse sai ya ƙara sauri. Idan ka yi wata guda da shi a kunne, duniya takan sake maka. Sai ka ga fili shiru, rana ta take, kawalwalniya tana rawa a nesa, amma kai kana jin ƙasa tana ta magana a ƙarƙashin takalminka, maganar da ta fara tun ba a halicci mai saurare ba.

Amma gyare maƙaryaci ne ga wanda bai san halinsa ba. Kowace safiya sai an gwada shi da wani ɗan dutse da muke ajiyewa cikin gwangwanin darma, a ga ko allura ta tsaya inda ta tsaya jiya. Batir idan ya sha rana yakan yi kasala. Bayan ruwan sama ko'ina yakan yi surutu, don haka ba a awo sai ƙasa ta sha iska. Ranar farko ma Malam Inuwa ya miƙo hannu ya ce, "Kawo agogon nan."

Na ciro na ba shi. Irin mai lambobi masu haske cikin duhu ne, kyautar kawuna. Ya kara shi a jikin gyare, sai kuwa ya ɓarke da kuka.

Tanko ya ce, "Allahu Akbar! An samu ma'adini a hannun Malam Shiru. A kawo diga!"

Yanka layi aiki ne na biyu, kuma shi ne wanda yaran yanzu suka raina. Da kamfas mai nuna gabas da yamma da igiyar awo ake jan layi ɗaya miƙaƙƙe, sannan a fitar masa da rassa kamar kunyoyin gona. A kowace tazara a kafa turke. Ka zo kan turke, ka tsaya cik, ka riƙe gyare daidai ƙugu, ka jira allura ta daina rawa, ka rubuta. Idan ƙaya ce a gabanka, cikinta za ka bi. Idan bishiyar kuka ce, ka zagaya ka dawo kan layi daidai, ba kusa da daidai ba. Malam Inuwa yana da al'adarsa da ya taho da ita daga Jos: duk turken da gyare ya yi kuka fiye da na maƙwabtansa, sai a ɗaura masa jan ƙyalle, don mai haƙa ya gane wurin tun daga nesa.

Mun yi tsammanin ƙyallayen za su taru a jikin dutsen da mutanen wurin suke kira Dutsen Shirwa. 'Yan kaɗan suka hau can. Mafi yawansu a ƙasa suka sauka, a fili, cikin gonar wani dattijo mai suna Baba Hamidu.

Gona ce da ko wanda bai san noma ba zai tsaya ya kalla. Ƙasarta baƙa-baƙa ce mai laushi, ƙafa tana nutsewa, ga gawo biyu a tsakiya, an kewaye ta da gamba. Gonakin da ke gefenta jajaye ne masu tsakuwa. Baba Hamidu gajere ne, mai farin gemu, kullum da jakuna biyu a bayansa. Yakan tsaya a bakin gamba yana kallonmu muna shiga muna fita. Da ya ji Malam Inuwa Bazazzagi ne sai ya samu abokin wasa.

"Yau ga ikon Allah, bawa ya zo yana auna gonar ubangidansa. Me kuke nema ne, kuza?"

"Abin da ya fi kuza, Baba. Ku Kanawa kuna kwance a kan arziki kuna cin tuwon dawa."

"To tuwon dawar ne ya kawo ka, ai na ga yadda ka yi da na jiya."

Wasan ya tsaya ranar da saƙo ya zo daga manajan kamfani a Legas. Ya ga sakamakon awo, ya yi murna, ya ce katafila tana hanya. Za a kankare saman gonar gaba ɗaya, a yanka dogayen ramuka a ga abin da ke ƙasa, kuma a gama kafin ruwa ya sauka. An kira Baba Hamidu gaban dagaci aka yi masa bayani, aka ce za a biya shi diyyar amfanin shekara. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Amfanin shekara na ji. Ƙasar fa, wa zai biya?" Ba wanda ya gane abin da yake nufi. Muka ɗauka maganar tsofaffi ce.

Cin abincin rana a kan dutse ɗabi'ata ce, don a can ba mai ja na da hira. Rannan na hau da ƙullin ƙuli-ƙulina da littafi, na zauna a inuwar wani falalen dutse. Bazara ce, sama ta yi fari, shirwa suna shawagi ƙasa da inda nake. Daga can gonar ta zama kamar tabarma, ƙyallayen kuma kamar an watsa barkono a kanta, iska tana kaɗa su. Na daɗe ina kallo ba da wata manufa ba, har barci ya fara ɗibata. Sai idona ya bi gefen jan. Ta gabas ya tsaya a gamba. Ta arewa ya tsaya a gamba. Inda iyakar gonar ta lanƙwasa don ta kauce wa wata tsamiya, jan ma ya lanƙwasa ya kauce mata.

Na sauko na sami Malam Inuwa yana gyara igiyar awo. Na tsaya kusa da shi har ya gama. Ya ɗago.

"Malam Shiru, in magana ce ka sauke ta, ta yi maka nauyi."

"Malam, ƙyallayen ne. Ba su tsallaka gamba ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Malam. Har kwanar tsamiya sun bi."

Ya ajiye igiyar. Ya hau dutsen da kansa, ya jima, ya sauko yana share gumi. Ya ce, "Dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa bai san dagaci ba, bare ya san inda aka raba gado. Ɗauki Tanko, ku haƙa mini rami a inda ya fi kuka."

Haƙa ramin gwaji yana da ƙa'idarsa. Faɗinsa daidai yadda mutum zai tsuguna, bangonsa a miƙe, kuma duk taƙi ɗaya sai a dakata a saukar da gyare. Abin da kowane ma'aikaci ya sani shi ne, ko a ƙasar da ba komai, gyare yakan ƙara kuka cikin rami, don ƙasa ta kewaye shi ta ko'ina. Idan kuwa akwai ma'adini a ƙasa, kukan yakan yi ta hauhawa har ya zama kamar ana yayyaga ƙyalle. Tanko ya haƙa, na auna. Baƙar ƙasa ta kai mu har gwiwa, gyare yana ta zuba. Daga nan diga ta yi ƙara, ta faɗa kan jar ƙasa mai tauri. Muka ci gaba har ƙugu, har ƙirji. Kukan ya riƙa ja da baya, yana raguwa, har ya koma ɗigo-ɗigo.

Tanko ya leƙo daga ciki ya ce, "Malam Shiru, abokinka ya koyi halinka."

Sai muka ji murya a kanmu. Baba Hamidu ne, ya jingina da sandarsa. "Ku daina wahalar da kanku, samari. Daga nan fako ne har inda ƙasa ta ƙare. Tamu ta tsaya a gwiwa."

Malam Inuwa, da ya zo duba ramin, ya ce, "Taku, Baba? Kamar yaya taku?"

Ya zauna a kan tulin ƙasar ya ba mu labari, yana mamakin yadda abin da kowa ya sani a ƙauyen ya zama labari. Mahaifinsa baƙo ne, daga wajen Kangire ya zo, ya tarar an rabe gonaki masu kyau. Aka nuna masa fako, inda ko ciyawa ba ta fita, aka ce in zai iya. A gindin Dutsen Shirwa akwai inda rafi yake yin kwana, duk damina ya ajiye baƙar laka. Sai mahaifin ya riƙa zuwa da jaki da rani, ya cika mangala, ya kawo ya zube, ya haɗa da takin gida da toka. Ya yi haka har ya rasu. Baba Hamidu ya ɗora daga inda ya tsaya, tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari. Duk ƙasar da muke takawa a bayan jaki ta zo.

Muka bi shi zuwa kwanar rafin. Ruwa ya ƙafe, sai yashi mai zane-zanen baƙi kamar an ja kwalli. Tun kafin in tsuguna gyare ya haukace. Malam Inuwa ya aiki Tanko ya aro ƙwarya da tulun ruwa. Ya ɗebi yashin ya zuba ruwa, ya riƙa juya ƙwaryar a hankali kamar mai rairayar tsaba, farin yana fita ta baki, har ya rage baƙi a gindi. Ya miƙo mini ɗan madubinsa mai ƙara girman abu. Cikin baƙin na ga wasu 'yan ƙwayoyi masu launin zuma, sumul, rana tana shiga cikinsu tana fita.

Ya ce, "Ka gan su? Ruwa ne ya tsinto su daga jikin dutse ɗaya-ɗaya, shekara da shekaru, ya tara a nan don sun fi yashi nauyi. Su ma suna sa gyare kuka, amma yawancin abin da ke cikinsu ba shi kamfani yake nema ba. Rafi ya tara, jaki ya kwashe, mu kuma muka zo da ilimi muka ɗaura wa aikin jaki jan ƙyalle."

Baba Hamidu bai yi dariya ba. Ya dubi ƙwaryar ya ce, "Bazazzagi, bar wasa. Abin nan da na yi ta zubawa, guba na ciyar da iyalina?"

Malam Inuwa ya ce a'a. Abin da ke gonar kaɗan ne, bai fi wanda ke jikin duwatsun da mutanen ƙasar nan suke zaune a kai tun kaka da kakanni ba, kuma ƙwayoyin ba sa narkewa bare dawa ta sha. Ya dai ce a riƙa ɗibar laka daga sama da kwanar, a bar inda baƙin yashin ya yi kauri, kada kuma a yi yaɓen ɗaki da shi.

A nan ɗalibaina sukan yi ajiyar zuciya su ce shi ke nan, gona ta tsira. Ba haka aikin yake ba. Malam Inuwa ya tafi Birnin Kudu ya buga waya Legas, ya dawo da amsa: ba za a rufe maganar fili a kan rami ɗaya da ɗalibi ya haƙa ba. Kuma gaskiyar manajan ce. Rami ɗaya ba hujja ba ne, ni ma yau ba zan sa hannu a kansa ba. Abin da Malam ya iya samowa shi ne a fasa kankare gonar duka, a yanka dogon rami guda ɗaya daga gamba zuwa gamba. Idan fako ne har ƙarshe, a bar wa mai gona gonarsa.

Tsayawa gaban katafila shi ne aiki mafi wuya da na yi a shekarar. Direbanta wani ƙato ne da ya saba aikin titi, inda ake tura komai gefe guda a wuce. Idan ya yi haka a nan, baƙar ƙasa za ta cakuɗe da fako, ko an mayar an kashe wurin. Na gaya wa Malam Inuwa abin da nake gani, ya ce, "To je ka gaya masa." Na je na tsaya a gindin tayar ƙarfen, na yi sallama sau biyu bai ji ba. Tanko ya daka masa tsawa: "Kai mai tsohuwar giwa! Kashe ta, malaminmu zai yi magana, kuma shekara-shekara yake yi!"

Ya kashe. Na ce ina roƙon ya fara kwashe baƙar ƙasa ita kaɗai, iya gwiwa, ya tara ta dama. Jar kuma ya tara ta hagu. In an gama a mayar da ja tukuna, baƙa a sama.

"Aiki biyu ke nan. Ƙasa ai ƙasa ce, ɗan makaranta."

Ban san lokacin da na ce masa ba: "Wannan ɗauko ta aka yi."

Ya dube ni, ya dubi dattijon da ke tsaye da jakunansa a bakin gamba. Tanko ya ba shi labarin a gajarce, da ƙarin gishirinsa. Direban ya ce shi ma ubansa manomi ne a wajen Ringim, in shiga gabansa in riƙa nuna masa da hannu. Haka muka wuni, ina tafiya da baya-baya, ina ɗaga hannu in wuƙar katafilar ta kusa taɓa ja, ina saukewa in ta yi sama. Da ramin ya buɗe na bi shi da gyare taki-taki, bango da bango. Fako ne daga farko har ƙarshe. Muka ɗebi samfur a buhuna don ɗakin gwaji, aka mayar da ƙasa yadda aka ɗebe ta. Abin da katafila ta kasa, ni da Tanko da Baba Hamidu muka ƙarasa da shebur. Ba a yi mako ba hadari ya haɗo daga gabas.

Daga nan aiki ya koma kan Dutsen Shirwa, inda ƙyallaye 'yan kaɗan suke. Aka kawo injin da ke huda dutse ya fito da shi kamar sandar rake, muna jerawa cikin akwatunan katako. Na yi daminar nan a ƙarƙashin rumfar kwano, ina jiƙa kowace sanda da ruwa don launinta ya fito, ina bin ta da madubi da gyare. Yuraniyom yana nan, ba ƙarya ba ne. Wani lokaci sai ka ga jijiya siririya, rawaya kamar ƙwaiduwa, ta ratsa dutsen. Ka bi ta a rami na gaba, ta ɓace. Aikinmu ba cewa akwai ko babu ba ne. Aikinmu shi ne nawa ne, zurfin ina, kuma in an fasa dutsen zai biya wahalar fasawa? Amsar da muka rubuta ita ce akwai, amma siriri ne, a warwatse.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Kafin kaka aka ce darajar ma'adinin ta faɗi a kasuwannin waje, kamfani ya ce a naɗe tanti. Masu injin suka tafi, Tanko ya koma haƙar rijiyoyi, Malam Inuwa ya karɓi aikin neman tsakuwar titi, abin da ya ce ko makaho zai iya. Akwatunan sandunan aka kulle su a wani ɗaki a Gwaram. Ni ma bayan na gama karatu shekaru na yi ina neman ruwa da farar ƙasa kafin in sake riƙe gyare. Dutsen yana nan yadda muka bar shi, da abin da ke cikinsa.

Cire turaku shi ne aikin ƙarshe, kuma ni aka bar wa. Na biyo ta gonar Baba Hamidu dawa ta nuna. Ta fi tsayin mutum ko'ina, sai layi guda da ya ratsa tsakiya, inda ta tsaya iya ƙirji, kamar an yi wa gonar tsaga. Na tsaya a bakin gamba na kasa shiga. Shi ya hango ni.

"Malam Shiru! Shigo mana, ko sai an ɗaura maka jan ƙyalle?"

Na gaishe shi, na ce, "Baba, wurin bai koma daidai ba."

Ya ja ni har tsakiyar layin, ya kamo kan dawa ɗaya daga cikin gajerun, ya karya, ya murza a tafin hannunsa, ya hure ƙaiƙayin. Ya kama hannuna ya juye mini ƙwayar a ciki.

"Duba da madubin naka in kana so. Gajera ce, amma ta yi ido. Fako ba ya haihuwar wannan." Ya kakkaɓe hannunsa a riga. "Ta ji ciwo ne kawai. Rani na zuwa, jakuna kuma suna nan."